Motar da Baba Ya Auna da Tsawonsa

Ranar wata Alhamis ce bayan an kwashe masara, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na ga babanmu ya cire hularsa ya miƙa mini, ya hau bayan wata farar mota ya kwanta samɓal kamar yana kan tabarmarsa. A bakin tashar Birnin Gwari ne fa, ranar kasuwa, jama'a maƙil. Dillalin da ya kawo motocin daga Kaduna ya riƙe baki, 'yan kamasho suka tuntsire da dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse. Baba ko a jikinsa. Ya miƙa hannuwa sama da kansa, yatsunsa ba su taɓo bayan kujerar direba ba, sai ya ɗago yana murmushi ya ce, "Uwata, wannan ce." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Shi ya sa ma ya ɗauko ni daga makaranta ranar, wai ba zai sayi abu mai girma haka ba sai uwarsa ta sa albarka.

Babanmu mai burodi ne. Tanderunsa na ƙasa yana bayan gidanmu, gindin wata tsamiya, kuma da ƙamshinsa muka tashi. Matan Gbagyi su kawo itace a kafaɗa daga bakin daji su jibge a ƙofar gida, Fulani masu tallan nono su zauna a inuwa su karɓi burodin jiya su ba Inna kindirmo. Aikina shi ne shafa mai a gwangwanaye kafin in tafi makaranta, in na dawo in zauna ɗaure leda har yatsuna su yi ja. Ƙannena su ke share toka da korar awaki. Katakan da ake jera burodin a kai kuwa, kafinta da tsawon Baba ya auna su, shi ya sa da ya je sayen mota bai nemi igiya ko abin awo ba, jikinsa ya ishe shi.

Shekara da shekaru a babur yake rabon burodi, da akwati a baya wanda ya fi kansa tsawo. Ya shiga ƙauyukan Tabanni, ya zaga ta Kakangi, ya dangana da rugagen da ke gefen dajin Kamuku. Da damina ruwa ya ba shi kashi, burodi ya jiƙe ya koma kamar tuwo, ya dawo yana rawar sanyi mu zuba wa kaji. Don ya huta da wannan wahala ya sayar da shanun nomanmu biyu da masarar shekara guda. Motoci biyu dillalin ya kawo, duk na hannu. Ɗaya shuɗiya ce mai kujeru, ɗayar kuma farar nan, bayanta fayau, ba kujera ba taga. Kawu Sale, ƙanin Inna, bakanike ne, ya buɗe injin kowacce ya saurara, ya leƙa ƙarƙashi, ya taka birki, sannan ya ba da shawarar a ɗauki mai kujerun, in burodi ya ƙi a yi haya da ita. Baba ya ce, "Ni mai burodi ne, ba ɗan haya ba." Da muka koma gida na ba Inna labarin kwanciyarsa ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Haba Malam, a tsakar kasuwa ka miƙe haka? Ni dai ban so jin wannan ba."

Wallahi mun ji daɗin motar nan, ba zan ɓoye ba. Burodi ya riƙa isa ƙauye da ɗuminsa, masu shayi suka ninka abin da suke karɓa, Baba ya ɗauki yara biyu aiki, aka sake ginin tanderu. Da yamma in an sauke katakai, bayan motar ya zama ɗakin wasanmu. A ciki muke carafke da 'yar tsana, ƙawayena har faɗa suke a kan wadda zan bari ta shiga, don ko'ina ƙamshin bota da sukari yake. Ranar da Baba ya sauke ni a ƙofar makaranta, sai da aka fito daga aji ana kallo. Kowace Juma'a ni da ƙannena mu jawo ruwa a rijiya mu wanke ta fes, shi kuma ya zagaya yana shafa ta yana cewa, "Abin da ke ciyar da kai, ka riƙe shi da tsabta."

Sai 'yan bindiga suka fara fitowa daga daji. Da farko labarin satar shanu muke ji, daga baya ya koma na mutane. Wata safiya Baba ya isa wani ƙauye bayan Kakangi da burodinsa, ya tarar 'yan bindigar ba su daɗe da tashi daga kan mutanen garin ba, rumbuna na hayaƙi, mata na kururuwa. Babu mota a garin sai tasa. Ya zubar da burodin a ƙasa, ya fitar da katakan, aka jera masa mutane a bayan motar, masu numfashi da waɗanda suka riga suka cika. Da hantsi ya shigo gida bayan ya kai su asibiti, rigarsa ba ta kalluwa. Ni da Inna muka wanke motar da ruwan zafi da sabulu har hannuwanmu suka saɓule, muka turara ta da turaren wuta.

Daga ranar aka gane amfaninta. Ita kaɗai ce a unguwarmu da mutum zai iya miƙewa a cikinta, kuma direbobin haya ba sa yarda, sun ce fasinja zai guje su. Duk wanda aka kashe wa ɗan'uwa a gona ko a hanya, ƙofar gidanmu zai zo yana hawaye yana cewa don Allah, don Annabi. Baba bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa karɓar ko na mai ba. Kawu Sale ya ja shi gefe ya gargaɗe shi, Inna ta yi magana har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ɗan'uwana Musulmi yana kwance a rana, in ce motata ta burodi ce? Da wane baki?"

To, mutanen nan da suka yi ta kuka a ƙofar gidanmu, su ne fa suka fara ƙyamar burodinmu. Baba ya fita da mota cike, ya dawo da rabi, daga baya ya riƙa dawowa da kusan duka. Wani mai shayi da ake kira Idi, wanda Baba ya ɗauko gawar yayansa daga bakin rafi da hannunsa, shi ne ya dube shi ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, masu sha ne ba sa so, sun ce yana ƙarni." Ƙarya ce! Ni na wanke motar nan, na san babu abin da take yi sai ƙamshin sabulu. A makaranta aka sa mini suna 'yar burodin gawa. Ƙawayen da suke roƙona su shiga wasa, in na miƙa musu gutsure lokacin tara sai su toshe hanci. Na kama wata mai suna Larai na yaga mata hijabi, na cika mata baki da ƙasa, aka yi mini bulala a gaban asambili. Har gobe ban yi nadama ba.

Baba ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya sake wa motar fenti, ya shimfiɗa sabuwar leda a ƙasanta, daga baya ma ya koma rabo a tsohon babur ɗinsa. Ina! Sunan ya riga ya bi burodin, ba motar kaɗai ba. Ya sa ta a kasuwa, aka rasa mai taya ta. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wannan bai hana su zuwa ba. Mutum ya ƙi burodinka da safe, da azahar ya zo yana kuka ka ɗauko masa gawa, kuma Baba ya tashi ya ɗauki makulli. Haka aka yi ta yi har injin ya buga, babu abin gyara. Aka ɗora ta a kan duwatsu gindin tsamiya, kaji suka mai da ita akurki. Yaran aiki suka watse, matan Gbagyi suka daina tsayawa da itace, tanderu ya huce har ciyawa ta tsiro a bakinsa. Shanun noma babu, gonar ma ba ta zuwuwa. Babanmu da ya ciyar da ƙauyuka ya koma leburan gini, yana ɗaukar bulo da furfurarsa.

Ina gab da gama sakandare hawan jini ya kayar da shi. Ni ke jinyarsa a asibiti ranar da ya cika. Kawu Sale ya fita neman motar da za ta kai shi gida, ya bi tasha layi-layi, ya bi masu ɗaukar kaya, har da waɗanda Baba ya ɗauko wa iyaye da 'ya'ya. Kowa ya yi masa ta'aziyya da kyau, kowa kuma ya ce motarsa ta neman abinci ce. A ƙarshe makarar masallaci aka aro, aka ɗauke shi a kafaɗa cikin rana, ina biye daga nesa. Ta bakin tasha aka wuce da shi, daidai wurin da ya taɓa kwanciya yana murmushi, direbobi na tsaye jikin motocinsu suna cewa Allah ya ji ƙansa.

Yanzu a Kaduna nake aure, kuma sana'ar Baba nake yi, sai dai tanderuna na gas ne, ba ya ba burodi ƙamshin itacen nan da har yau nake jin marmarinsa. Gidanmu na Birnin Gwari wasu ke ciki, an sare tsamiyar, 'yan gwangwan sun yanka motar sun tafi da ita. Bara ni ma na tashi sayen motar rabo. Dillali ya yi ta yaba mini wata doguwa mai faɗin baya, ya ce Hajiya wannan ita ce daidai ke. Na leƙa cikinta, sai na ga Baba kwance yana cewa Uwata, na rufe ƙofar da sauri. Na zaɓi wata 'yar guntuwa, na kai ta wurin mai walda ya cika bayanta da kantoci tun daga ƙasa har sama, ya liƙe su yadda ba za su ciru ba. Na san da yana raye ba zai sa mata albarka ba. Amma babu ɗan Adam ɗin da zai iya miƙewa a cikin motata.