Wadda Ba Ta Gudu Ba

Abin da na fara gani da na shiga ɗakin kwananmu a makarantar 'yan mata shi ne ƙusoshi. An kafa su a jere a jikin wani katako, sama da randar ruwan sha, kowace ƙusa da kofin silba a rataye. Ɗaya ce kawai ba ta cikin jeren. Tana can bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, bayan inda ake jingine tsintsiya, ta yi tsatsa, babu komai a kanta. Ban tambayi kowa ba, don a lokacin nan ba na tambaya, kallo nake yi. Daga baya na ji a bakin manyan ɗalibai cewa ta wata yarinya ce daga wajen Zangon Kataf, mai farfaɗiya, wadda aka mayar gida kafin shekara ta ƙare.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka kai ni. Babana ne ya raka ni, da akwatin ƙarfe a bayan kekensa. Mai gyaran kan jirgin ƙasa ne a Kafanchan, kuma dattijo a majami'armu. Da muka hango ƙofar makaranta sai ya rage murya ya ce, "Abin nan naki, kada ki faɗa wa kowa."

A gidanmu ba a kiran abin da suna. Cewa ake yi "ta tafi", in an jima a ce "ta dawo". Mamata ta ce tun wani zazzaɓi mai zafi da na yi ina ƙarama ya fara. Ni abin da na sani kaɗan ne. Ina jin warin gawayin jirgi da ruwa ya jiƙa, ko da babu jirgi kusa. Wani abu ya taso daga cikina zuwa maƙogwaro. Sai in ji kamar duk abin da ke gabana ya taɓa faruwa, har ƙudan da ya sauka a tebur na san shi. Daga nan babu komai. Ba duhu ba ne, ba barci ba ne kuma, don mai barci in ya farka ya san lokaci ya wuce. Ni cokali nake kaiwa baki, sai in ga abincin ya huce.

Wannan ne ya fi ba ni haushi. Na san wadda ke ɓoye gari a cikin matashinta. Na san takalmin hagu na Matiron, matar da ke kula da ɗakin kwananmu, da waya aka ɗaure shi. Ba abin da ke wuce ni a ɗakin nan sai ni kaina.

Malaminmu na Bayoloji saurayi ne daga wajen Gidan Waya. Wata rana ya shigo aji da kwano a rufe, ya buɗe, ga ƙwaƙwalwar akuya da ya karɓo wurin mahauta. 'Yan aji suka toshe hanci.

"Kuna cewa kun riƙe magana a zuciya," in ji shi. "Zuciya famfo ce, jini take turawa. Sunan kakarki, hanyar gonarku, zaburar da kuka haddace, duk a nan suke."

Ya ce wani sashe ke gani, wani ke motsa hannu, wani ke ajiye abin da ya faru, kuma saƙo na gudu tsakaninsu kamar a wayoyin da ke bin gefen layin dogo. Na daɗe ina kallon abin nan mai laushi a cikin kwano. Tambaya ta zo mini har baki: in mai motsa hannu yana aiki, mai ajiya kuma ya rufe ƙofa, wa ke cikin jikin a lokacin? Ban ɗaga hannu ba. Amma daga ranar na daina yarda cewa wani wuri nake tafiya. Ina nan, wayar ce ke harɗewa.

Zango na farko na yi sa'a, abin yana zuwa mini ne a inda ba a lura. A na biyu ya same ni a gaban randa da rana tsaka, mun dawo daga gonar makaranta, kowa na neman ruwa. Na ji warin gawayi. Da na dawo hayyacina ɗakin ya zama wayam, takalma a warwatse a ƙasa. Kafin yamma an zubar da ruwan randar, an wanke ta da toka, kofina kuma yana rataye a ƙusar bakin ƙofa. Kowa ya yarda miyau ne ke ɗauke da cutar, wasu ma suka ce ko kallon mai ita ka yi a lokacin da ta tashi, ta kama ka.

Sai labarai suka fara. Wata ta ce kumfa ta fito mini a baki. Wata babbar ɗaliba ta ce na yi magana da muryar tsoho, da yaren da ba namu ba. Wata 'yar ajinmu ta ce na yi haushi kamar kare. Ita wannan, a ranar da abin ya faru, da kunnena na ji ta tana cewa tana waje wurin shanya, ba ta ga komai ba. Kafin Lahadi ta dafa Littafi Mai Tsarki tana rantsuwa. Na kalli fuskarta sosai, kuma ba ƙarya take yi ba, ta tuna da gaske. A nan na gane cewa mai ajiyar da malaminmu ya faɗa ba abin da ido ya gani kaɗai yake karɓa ba, har abin da aka yi ta faɗa a ɗakin cin abinci yana haɗawa ya ajiye. Waɗanda suka fi saurin gudu su suka fi kowa tunawa.

Matiron ta kira ni ɗakinta, ta nuna mini kujera can nesa da ita.

"'Yata, ba ƙin ki nake yi ba. Amma 'ya'yan mutane aka ba ni amana."

"Ni ma 'yar mutane ce, Mama."

Ta ɗago ta dube ni. Ina jin ba ta taɓa jin muryata ba sai ranar.

Firinsifal ta aika aka kira babana, ta ce a kai ni asibitin mishan. Likitan dattijo ne mai tabarau, hannun tabaran an naɗe shi da filasta. Ya ce in faɗa masa abin da ke faruwa. Na ba shi labarin warin gawayi da abin da ke tasowa daga ciki.

"Bayan nan fa?"

"Ban sani ba, Likita. Ba na nan."

Ya juya wurin babana. Babana ya kama murza hularsa. Ashe tun ina ƙarama, da zarar abin ya taso sai mamata ta lulluɓe ni da zane, su durƙusa su rufe ido su kama addu'a har in dawo. Shekara da shekaru suna roƙon Ubangiji a kaina, amma babu wanda ya taɓa kallona.

Likita ya ce cutar ba a ɗaukar ta, ko a miyau ko a kallo. Amma iri-iri ce, kowane iri da maganinsa, shi kuma ba zai ba ni ƙwaya a makance ba. Yana son mutumin da ya gani tun daga farko har ƙarshe. Ya ce mu dawo da shi ranar Talata. Firinsifal kuwa ta yanke nata: in zango ya ƙare ba magani, ba kuma tabbacin likita, kada in dawo bayan hutu.

A hanya babana ya ce, "Ki zo gida. Mamarki za ta koya miki ɗinki. Ba sai an kore mu da kunya ba."

"A'a, Baba."

Ya tsayar da keken.

"Me kika ce?"

"Na ci jarrabawa kamar kowa. Ba zan tafi da ƙafata ba. In suna so, su ɗauke ni."

Ya sake tuƙa keken har muka isa makaranta. Da zai juya ya ciro gyaɗa daga aljihu ya zuba mini a hannu.

Tun daga ranar, kullum da safe sai in cire kofina daga bakin ƙofa in mayar da shi cikin jere, a ƙusata ta asali, a gaban idon kowa. Kafin yamma an sa sanda an mayar da shi. Washegari in sake. Abu ɗaya na lura da shi wanda ban gane ba: wani lokaci nakan tarar da kofin a jiƙe, alhali ban sha ruwa ba.

Shaida kuwa ban samu ba. Na tambayi mai haushin kare, na tambayi mai kumfa. Kowace ta ja baya ta ce ita ba ruwanta da asibiti. Ko sun yarda ma, me za su kai wa likita in ba kare da tsoho ba?

Ranar Asabar ta wanki ce. Ina shanya zanen gado a bayan ɗakin kwana sai na ji ana ƙyalƙyala dariya. Na leƙa ta tsakanin zannuwa. Wata 'yar garin Godogodo ce, gajeriya mai faɗin baki, wadda ba wanda ba ta kwaikwaya. Tana yin tafiyar Matiron, tana yin tarin fasto kafin wa'azi. Yau ni take yi.

Na so in juya. Amma na ci gaba da leƙe.

Ta ɗauki kofi kamar za ta ɗebi ruwa, sai ta tsaya cak. Idonta ya karkata hagu, a buɗe, ba ya kallon komai. Ta fara motsa leɓe kamar mai ɗanɗana miya. Hannunta na dama ya hau wuyan rigarta, ya kama maɓalli na biyu yana murzawa, yana murzawa. A hankali ta ce, "To. To. To." Ta sunkuya ta ajiye kofin a ƙasa da kyau, ba ta yar ba. Sannan ta kyafta ido, ta duba hagu da dama kamar wadda aka sauke a tashar da ba tata ba.

"Ke, ki yi haushin karen mana!" in ji wata.

"Wane kare? Ubanki ne karen? Ba ta yi haushi ba."

"Kumfar fa?"

"Ku da kuka zubar da takalma kuna ihu Yesu, Yesu, ku za ku koya mini? Ni na tsaya, ina bayan ƙofa ina kallo."

Na duba wuyan rigata. Maɓalli na biyu yana lilo a bakin zare. Sau nawa na ɗinke shi tun a gida, ina zagin zaren kasuwa. Duk rigunana haka suke, na biyun ne kullum.

Abin da na gani bai ba ni tsoro ba. Ashe ni ɗin nan wata yarinya ce mai natsuwa, wadda ko ba ta cikin hayyacinta ba ta fasa kayan mutane. Na ji ina son ta.

Na ɗaga zanen na fito. Dariyar ta ɗauke. Suka ja baya har wata ta taka bokiti. 'Yar Godogodo kaɗai ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

"To, Sista shiru-shiru, kuka za ki yi ko ƙara za ki kai?"

"Sake yi."

"Me?"

"Daga farko. Ban ga hannun hagu ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. Sai ta sake, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Hannun hagu a sake yake, ba ya komai.

"Me ya sa ba ki gudu ba?" na tambaye ta.

"In na gudu, yaya zan iya yin ki? Sai mutum ya kalla da kyau."

"Ba ki tsoron kamuwa?"

Ta yi tsaki.

"Kofina ya ɓata tun tuni. Naki ne kawai ba mai nema. Ga ni nan, haushi nake yi?"

Wata a baya ta ce, "Yesu!" ta kama bakinta.

Ban san ko 'yar Godogodo tana sona ba, ban kuma damu ba. Ta mayar da ni abin dariya, kuma na san gobe ma za ta yi. Amma wannan ɗan lokacin da ƙwaƙwalwata ta ƙi ajiye mini, yana nan a tata ƙwaƙwalwar, babu abin da ya zube. Zamana a makarantar nan yana cikin kan yarinyar da ke tsaye gabana da kumfar sabulu a gwiwar hannu. Na matsa kusa da ita, kusa fiye da yadda wani ya yarda in matso shi tun ranar randa.

"Ina roƙon ki abu ɗaya," na ce, da ƙarfi, yadda na baya ma za su ji. "Ranar Talata ki bi ni asibiti. Ki tsaya gaban likita ki yi masa ni, yadda kika yi yanzu. Kada ki ƙara don a yi dariya, kada ki rage don tausayi. Har maɓallin."