Haƙoran Yaya Saratu

Da safen nan ina shirin fita lakwal, wato makaranta, aka kira ni: Yaya Saratu ta rasu.

Ga wanda bai san ta ba, shekara tara muna koyarwa tare a Zinder, majami'armu ɗaya. Lokacin da aka kai ni aiki Guna ban san kowa ba, duk Asabar sai ta aiko mini da yaji da ƙuli a motar Mirriya.

Ni na kai ta wurin mai gyaran haƙori. Bara ya sa mini hular haƙori, wadda suke ce wa kuron, da wani sabon gam mai kama haƙori da kansa. Sati uku in ruwan randa ya taɓa wurin sai in ji har ƙwaƙwalwata, daga baya ya bari. Ita biyu ya sa mata, ya ce za su yi zugi da sanyi, ta yi haƙuri. Sai ta riƙa ajiye kofinta a rana, muna mata tsiya wai ta tsufa.

Tun ɗazu nake zargin mutumin nan. Gam ɗin da ya sa mata, irin nawa ne? Bai kwana biyu a ajiya cikin zafin garin nan ba? Da ta kira shi, me ya hana ya ce ta zo ya duba? A gidan gaisuwa ma mata sai ƙus-ƙus suke a kan haƙoran.

Amma mijinta, Baban Iliya, ya ce lokotoro, wato likita, ya faɗa musu zuciya ce, kuma ciwon zuciya kan hau har muƙamuƙi. Na so in ƙaryata, sai na tuna Lahadin da ta wuce.

Mun fito daga sujada, muna hawan tudun unguwarsu, ta tsaya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Rahila, nawa fa ba irin naki ba ne. Ruwa ya daina damuna. In na yi tafiya ne yake tashi, har kafaɗa. Ko in je likita gobe?"

Na yi dariya. Na ce, "Haba Yaya, gam ne! Ni da na riga ki? Ba shi sati guda."

Ta ce, "To, tunda ke kika faɗa."

Ba ta je ba.

Ban yafe wa mai haƙorin ba tukuna, amma ba shi ta tambaya ranar Lahadi ba, ni ta tambaya.

Ubangiji ya ba ki hutawa, Yaya, ya ta'azantar da Baban Iliya da yara. 'Yan'uwa, Kirista da Musulmi, ku yi musu addu'a. Ku sa da ni, don ban san da wace fuska zan koma gidan nan gobe ba.