Ƙa Mai Ƙugiya

Shekarun baya, wani Alhaji a unguwarmu ya tashi buɗe ƙaramin gidan rediyo, ya ɗauke ni da abokina aiki tun kafin lasisi ya fito. Ni aka ɗauka saboda surutu, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa abokina malamin Hausa ne, mai ciwon sikila, wanda ko a saƙon waya ka rubuta masa kasa a madadin ƙasa sai ya kira ka ya yi maka faɗa.

Ranar zaɓen sunan tasha aka ce haruffa biyu ake so, masu daɗin faɗa, waɗanda wata tasha ba ta riga ta ɗauka ba. Abokina ya ce tunda a Ƙofar Kibo muke, a sa ƘK. Kowa ya yarda. Sai manajan da aka kawo daga Kaduna ya ce in ana watsa shiri "Kei-Kei" za a riƙa cewa, domin injin masu ba da lasisi bai san ƙa mai ƙugiya ba. Abokina ya ce in aka cire ƙugiyar, ai mutanen gari Rediyo Kaka za su kira mu. Aka yi dariya, ni na fi kowa ƙyaƙyatawa, shi ko murmushi bai yi ba.

Lasisi ya yi ta jan ƙafa, jikin abokina kuma ya yi ta tashi. Da na je duba shi a gidansu da ke Kusfa, na tarar ya saita rediyonsa a lambar da aka yi mana alkawari, ba abin da ke fita sai shuu. Ya kama hannuna ya ce, "Kai za ka buɗe tasha. Sau ɗaya dai ka faɗe ta da ƙugiyarta in ji."

Bai ji ba. Allah ya karɓi abinsa kafin azumi, lasisi ya fito bayan sallah.

Ranar buɗewa manaja na tsaye a kaina, na yi bismillah na ce, "Nan Ƙa-Ka ce, daga Ƙofar Kibo." Manaja ya harare ni, daga baya ya ce kada in sake, ban kuma sake ba.

Da la'asar na je gaida mahaifiyar abokina. Ashe tun rasuwarsa ba ta bari an taɓa rediyon ba, batir kawai take canja masa. Ta ce tana shara sai shuu ɗin ya yanke, ta ji ni. "Ni ban yi boko ba, ɗana," in ji ta, "amma na ji ka faɗa yadda yake so."

Yau duk gari Rediyo Kaka suke cewa, kamar yadda ya faɗa. Har yanzu in na ji sai zuciyata ta yi nauyi. Kuma ko sauri nake, ba na tura saƙo sai na danne harafin nan ƙugiyarsa ta fito.