Aghali da Bindigarsa Mai Huci

Ku da kuka san Aghali da tsufansa a nan Arlit, kun san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara kara kunnensa a jikin bindigar iskarsa. Ya saurara, ya yamutsa fuska, ya ce, "Tana huci." Sannan ya ba ka hannu.

Ni na san mafarin abin. Zamanin Faransa ne, ba a ma yi mafarkin gina garin nan ba. Muna tuƙa wa wasu Nasara masu binciken duwatsu kamyo, babbar motar kaya, a wajen Gougaram. Da za su tafi, suka ba mu bindigogin iska biyu iri ɗaya, na harbin tsuntsu. Tawa ban taɓa kwance ta ba. Shi kuwa ran nan ya farke tasa, wai supap ɗin, ɗan murfin nan mai riƙe iska, rago ne.

Wata Juma'a na fito alwala, na tarar an yanke wa sabon takalmina na Agadez kunne.

"Aghali, wa ya yi mini wannan?"

"Fatar tana da laushi, aboki. A ƙafarka asara take yi."

Kai, jama'a! Ya liƙa ta a supap, ya tara masu garka, manoman lambu, su ga ikon Allah. Ya buga iska har gumi ya jiƙa rawaninsa, ya auna kurciya. Fuuu! Harsashin ya faɗo kan babban yatsansa. Ko gezau bai yi ba, ya ce, "Ƙarfin ne ya yi yawa, ya rasa inda zai bi."

Abin da ke ci mini rai, ko ya kuskure, shi ake kewayewa ana dafa masa shayi. Ni na harbo zabuwa da bindigata lafiyayya, ba wanda ya tanka. Na kawo masa, ya juya ta da ƙafa.

"Wannan da ma ba ta da lafiya."

Ya cinye cinyoyin biyu, wai don kada cutar ta kama ni!

Ranar da gyaran ya ci kuwa, wayyo! Ya kafa gwangwanin sardin can ƙetaren kwari, inda tawa ko rabi ba ta kaiwa, ya huda shi. Mata suka yi guɗa. Ni ko abinci ban iya ci ba. Na haɗiye girman kai na ce ya gyara mini tawa.

"Taka? Ai ba abin da ya same ta. Mai ita ne ke huci."

Har ya koma ga Allah bai nuna mini gyaran ba, ni kuma ban daina jin haushi ba. Amma tun da aka rufe shi ban ƙara ɗaga bindiga ba. Wa zan nuna wa?

Allah Ya jiƙan Aghali, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haɗa mu inda ba mai ƙyashin wani. Amin.