Sifikar Kujerar Inna Fanta

Duk wanda ya san tashar Batsari ya san Armaya'u. In bai san sunansa ba, ya san motarsa, tsohuwar bas fara wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Shekara goma sha bakwai ke nan yana jigila tsakanin Wagini da Batsari da Safana. Allah bai yi shi mai zama ba. Ko ana jiran lodi sai ka gan shi yana zagaya motar, ya daki taya, ya leƙa ƙarƙashi, ya goge gilashin da ya gama gogewa yanzu. Salla kaɗai ke tsayar da shi wuri guda.

Bara da kaka gyambo ya kama ƙafar mahaifiyarsa, Inna Fanta. Likita ya ce duk sati biyu a kai ta Katsina a wanke, in ba haka ba ƙafar za ta tafi. A kujerar baya ake shimfiɗe ta. Zuwa biyu ta yi, ta ce ta gama.

"Ku kuna gaba kuna jin ƙira'a," in ji ta, "ni ina can baya ba abin da nake ji sai ƙarar ƙarfe da bugun ƙirjina. Ku bar ni a ɗakina."

Gaskiyarta, sifika ɗaya ce a motar, ita ma wajen direba take. Armaya'u ya samo wasu biyu na gwanjo, ya kai wa Kamalu mai gyaran wayar mota, abokinsa tun ƙuruciya. Kamalu ya ce ta cikin rufin mota za a ja wayar, aikin wuni guda ne.

"Wuni guda? Gida za ka gina mini?"

"To, uban gaggawa. Kai da aka haifa kana tambayar ƙarfe nawa, ina za ka iya jira?"

Bai jira ɗin ba. Ya karɓi wayar, ya ja ta da hannunsa ta ƙarƙashin ledar ƙasa har baya, ya naɗe da baƙin salatif. Ya kunna, murya ta fito tangaram. Ya je ya yi wa Inna albishir, ta ce to, a gani.

Sai ranar kasuwa ta shiga tsakani. Kamar kullum, ya ɗauko awaki shida daga Wagini, aka tura su ƙarƙashin kujerun baya.

Ranar tafiya da sassafe aka kwantar da Inna a kujerar baya, matarsa Ramlat ta zauna wajen kanta. Ya kunna. Gaba na karatu, baya shiru. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya fito, ya zagaya, ya ɗaga ledar. Awaki sun yage gefenta, sun tauna wayar wuri uku, sun bar masa kashinsu a wurin.

"Direba," in ji Inna, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "kira su a maida ni cikin gida."

"Inna, ki yi mini haƙuri kaɗan. Don Allah."

Ya tsinto guntayen da suka tsira, ya fere bakinsu da haƙori, ya murɗa wannan da wancan. Tsawon ba zai kai sifika biyu ba. Ya ɓalle ɗaya daga jikin mota, ya bi da wayar ta saman kujeru, duk da haka da ƙyar ta kai. Ba inda za a ɗaura ta. Ramlat ta juye ƙosan da ta riƙo a kwano cikin leda, ta miƙo kwanon. Aka sa sifikar a ciki, ta riƙe a cinyarta daidai kunnen tsohuwar.

Da farko ƙarar ƙas-ƙas ce kawai. Ya ƙara murɗa mahaɗa ɗaya, sai muryar malami mai ƙira'a ta taso daga cikin kwano, siririya amma a fili. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Armaya'u ya tsaya da ƙofa a hannu, bai san rufewa zai yi ko buɗewa ba.

"Mu je mana," in ji Ramlat a hankali.

Duk ramin da suka faɗa sai muryar ta yanke, Ramlat ta matse wayar da yatsa ta dawo. Shi kuwa ido ɗaya a hanya, ɗaya a madubi, har ƙofar asibiti. Ya diro da sauri, ya buɗe, ya sunkuya zai ɗauke ta. Inna ta ɗaga masa hannu.

"Dakata. Bari malam ya kai aya."