Jar Shinkafar Mma da Baƙon Turai

Mijina malamin makaranta ne, ɗan zangon Hausawa na Bawku a ƙasar Gana, kowa Ticha yake ce masa, har ni. Ba ya shan taba, ba ya yawon banza. Ciwonsa ɗaya ne: kallon tsuntsaye. Da ma harbinsu yake yi ya kawo a sa a miya, da na gode. Kallo kawai. Wani Bature da suka koyar tare ne ya bar masa madubin hangen nesa da zai koma gida, ya bar masa cutar tare da shi. Da aka yi masa canjin aiki zuwa Salaga, garinmu, ya taho da madubin rataye a wuya kamar laya.

Da zarar ruwan sama ya ɗauke, sanyi ya fara shigowa, fadamun bayan gari na nan cike da ruwa, sai Ticha ya naɗe wando ya shiga taɓo. Belbela da zalɓe da kirinjijiya, waɗanda kowa ya sani, ba su dame shi ba. Shi wani ɗan tsuntsu yake jira mai ruwan ƙasa da dogayen ƙafafu, wanda ya ce daga Turai yake tasowa yana gudun sanyin can. Na ce masa baƙon da ya keto duniya ya rasa masauki sai kwatar Salaga, ai da ganinsa ba shi da gata a garinsu. Bai yi dariya ba.

A fadamar da yake zuwa mahaifiyata, Mma, take da 'yar gonar shinkafa. Jar shinkafa ce mai gajeren ƙwaya, irin da ta gada wurin uwarta. Duk maƙwabtanta sun koma farar da ma'aikatan gona suka kawo, ita kaɗai ta ƙi. A shekarar yunwa, muna kwana da ruwan kanzo a ciki, ƙwaryar irin nan na rataye a ɗakinta, ba ta yarda an taɓa ko cikin cokali ba. Duk da haka, bayan yunwar irin ya ragu ƙwarai, don haka a shekarar da nake ba da labari ta zuba shi duka a ƙasa, ba ta ajiye komai ba.

Shinkafa ta yi kai, ta fara nuna, lokacin da jan-baki ke zuwa ke nan, 'yan mitsi-mitsin tsuntsayen nan masu sauka garke guda su tashi da gona. Mma ta kewaye gonar da igiya, ta rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. Mutum ya zauna a kan dakali ya riƙa fizgar igiyar yana ihu, aikin ke nan. Ana cikin haka aka aiko daga Yendi cewa yayarta ta rasu. Dole mu tafi ni da ita, mu zauna har sadakar bakwai.

Makaranta na hutu. Ticha da kansa ya durƙusa ya ce, "Mma, ku tafi kawai. Ni kullum ina fadama. Shinkafa yana hannuna."

Mma ta sunkuyar da kai ta sa masa albarka. Ni kuwa na ce a raina ko ba komai mutumin da ya iya zama cikin sauro tun safe har la'asar zai iya jan igiya.

Ranar da muka dawo, daga lori muka wuce fadama. Tun daga nesa na ji shiru, shirun da bai kamata a ji a gonar shinkafa ba. Igiya na kwance cikin ruwa. Gwangwanayen kuwa an kwance su ɗaya bayan ɗaya, an jera su a gindin dakali tsaf-tsaf, aikin mai ilimi. Kawunan shinkafa duk sun miƙe tsaye, sai ƙaiƙayi. Ga Ticha can cikin ruwa har gwiwa, yana yi mana alama da hannu wai mu yi a hankali.

"Ya zo!" in ji shi cikin raɗa, fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. "Gwangwani ne yana kore shi. Da na cire, washegari ya sauka."

Na buɗe baki, Mma ta danƙe mini hannu. Suruki ne. A gidanmu uwa ba ta ɗaga murya ga mijin 'yarta, ko sunansa ba ta kama. Na so a ce ranar ta ajiye kunyar nan a Yendi. Shi kuma, don ƙarfin hali ko don rashin gani, sai ya fito ya miƙa mata madubin da hannu biyu. Ta karɓa, don ba a mayar wa suruki da hannu. Ta kara a ido ta daɗe tana kallo. Ni ma na hango tsuntsun: wani abu kamar ɗan tsako da ruwa ya ba kashi, yana tsotsar taɓo.

"Shi ma shinkafa yake ci, Malam?" ta tambaya.

"A'a, Mma, tsutsa yana ci."

"To, madalla," ta ce. Ta mayar masa da madubin, ta tattare zanenta ta shiga ruwan, tana bin kawunan ɗaya-ɗaya tana murzawa a tafin hannu. Sai a lokacin Ticha ya juya ya dubi gonar da ya yi mako yana tsaye a cikinta.

Abin da ta tsinto bai rufe gindin ƙwarya ba, kuma bai gama nuna ba. Ta rataye ƙwaryar a ɗaki, da damina ta dawo ta shuka shi, bai fito ba. Ticha ya sayo mata buhun farar shinkafa, ta yi godiya, ta raba wa maƙwabta.

Ya tsufa yanzu, idonsa ko da madubin ba ya gani sosai. In baƙi suka zo, har yau yakan ba su labarin shekarar da ya ga baƙon Turai ido da ido. Nakan bari ya kai ƙarshe, sannan in ce na tuna shekarar sarai, ita ce ta ƙarshe da Mma ta rataya ƙwarya a ɗakinta.