Maharbi Cikin Tarkonsa

A rumfar maƙeri ta bakin kasuwa wani maharbi yake zaune kan tsohuwar taya, ƙafarsa ta hagu cikin tarkon ƙarfe. Dogo ne siriri, gemunsa cike da ƙarangiya, bindiga kwance a cinyarsa kamar jariri. Idon sawun ya kumbura ya yi baƙi, amma shi damuwarsa kada a ɓata masa tarko.

"A hankali, maƙeri, kar ka karya masa haƙori."

Maƙerin yana ɓanɓarewa yana tambaya, "Baba, wane marar imani ne ya ɗana maka wannan?"

"Ni na ɗana. Amma ba laifina ba ne. Da na rufe shi da ganye, ai na sa alama."

"Wace alama?"

"Wani tsuntsu a kan reshe, daidai saitinsa. Kafin in dawo ya koma wata bishiya. Tsuntsayen yanzu ba su da amana."

Cikinmu 'yan kallo ba wanda ya yi dariya, don da gaske yake. Ina kallon hannunsa, yatsa ɗaya babu, kuma na tabbata shi ma akwai wanda aka ɗora wa laifinsa. A raina ina hango matarsa a gida tana dafa ruwan gashi, ta daɗe da daina tambaya.

Tarkon ya buɗe. Maƙerin ya ce ya wuce asibiti yanzu, kafin ƙafar ta ruɓe. Ya miƙe da ƙyar, ya rataya tarkonsa.

"Ai na yi hankali. Gobe da kunkuru zan sa alama, shi ba ya tashi sama."